Kwamfutoci Biyu Masu Gaba, Bango Ɗaya a Tsakaninsu

Idan kowa ya zo aiki, kowace na'ura tana kunne, kowace fitila tana cin kore, babu wanda ya saci komai a ranar, amma duk da haka hannun mutum yana shirin lalacewa a gaban idon jama'a, wa za a kama? Tun shekaranjiya nake juya tambayar nan. Na zauna da ita, na ci abinci da ita, har mai ɗakina ta ce in ban daina zuba wa bango ido ba za ta kira ƙanena ya zo ya duba ni. Amsa dai ban samu ba. Shi ya sa na kawo muku ita, masu karatu, tunda na san yawancinku a layin mai kuke karanta wannan shafi, kuma wanda ke tsaye a layi ba abin da ya kai shi yawa kamar lokacin tunani.

A layin man ma abin ya samo asali. Maƙwabcina tela ne, katangarmu ɗaya, ƙarar kekensa ce agogon gidana. Ya wuni a gidan mai da jarka saboda ɗan janaretan shagonsa, Allah ya taimake shi ya samu, yana dawowa da murna sai ƙafarsa ta zame ya afka kwatar nan da aka haƙa a bakin titinmu. Kun san irinta, kowace unguwa tana da tata: ita ce wadda allon sanarwar da ke kanta ya ce an kammala aiki. Tela ya faɗi a kan hannun dama, jarkar kuwa ya ɗaga ta sama da na hagu. Ko ɗigo bai zube ba. Har yanzu in zai ba da labarin, da wannan yake farawa.

Ya ce targaɗe ne, zai wuce. Bai wuce ba. Wuyan hannun ya kumbura, kekensa ya yi shiru, in ya ɗauki almakashi sai ya suɓuce masa. Mutumin da ke ciyar da gida da 'yan yatsu biyar, aka wayi gari ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa. Matarsa ta shigo wurin mai ɗakina, suka rufe ƙofa, suka fito da hukunci ba tare da an tambayi kowannenmu ba: ni zan raka shi asibiti.

"Injiniya, ni fa ba na son asibiti," in ji shi muna tafe.

"Ni ma ba na son a riƙa ce mini Injiniya, amma ga mu nan muna tafiya."

Bari in wanke kaina a kan sunan nan. Ban taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Wani shagon buga takardu ne ya rufe a layinmu, mai shi ya bar mini matattun kwamfutoci, na yi ta kwance su ina ɗaurawa, ina karanta abin da na samu, ina tambayar wanda ya fi ni. Wasu na tashe su, wasu na ƙarasa su. Tun daga nan unguwa ta laƙaba mini Injiniya, da wata irin murya da har yau ban tantance ba ko girmamawa ce ko tsokana.

Asibitinmu ƙarami ne, ba shi da likitan ƙashi nasa. Daga babban asibiti ake aro shi. In ya zo yau, sai kuma wani watan, kuma rana na yin tsaka yake tafiya, domin akwai wasu masu karaya da ke jiransa a wani wurin. Mun taki sa'a ranar yana nan. Mutum ne mai ƙarancin magana, idonsa ja saboda gajiya. Ya kama hannun Tela, ya danna gindin babban yatsa. Tela ya miƙe tsaye ba shiri.

"Zauna," in ji Likita. "Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a nan. In tsagewa kawai ya yi, zan sa maka filasta yau, ka yi haƙuri na ɗan lokaci ka koma kan kekenka. In kuwa ya goce daga mazauninsa, aiki za a yi maka a babban asibiti, kuma ba da jinkiri ba. In na rufe ƙashin da ya goce da filasta, na ɗaure maka nakasa da hannuna ke nan. In kuma aka bar shi haka har wani watan, ƙashin kan mutu a ciki, hannu ya sandare. Je ka a yi maka hoto."

Ɗakin hoton ƙashi yana manne da ɗakin Likita, bango ɗaya ne a tsakani, har ana jin tarin juna. Mai ɗaukar hoton wata matashiya ce, sa'ar 'yata ta fari, mai saurin hannu. Ta shimfiɗa hannun Tela, ta juya shi, ta danna, ta ce an gama. Muka koma benci muna jiran a kira mu. Aka kira na bayanmu. Aka kira na bayan na bayanmu. Can sai ga Likita da kansa ya fito, ya leƙa ɗakin hoto.

"Bai zo ba?"

"Yau ma ba sa gaisawa, Likita," ta ce.

Ashe hoton yana cikin kwamfutarta, kwamfutar Likita kuwa ba ta ganin tata, balle ta karɓa. Zan ji wani a cikinku yana cewa, to Likita ba shi da ƙafa ne? Yana da ita, kuma ya shiga ya duba. Allon kwamfutar ɗakin hoto ɗan ƙarami ne, ya dusashe, ga wani layi shuɗi da ya ratsa tsakiyarsa. Likita ya sunkuya, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce a wannan allon ba zai iya rantsuwa ba ko ƙashin ya goce ko yana nan. Babban allo mai kyau yana ɗakinsa, an ɗaure shi a tebur da ƙarfe saboda ɓarayi. A wanke hoton a fim kamar da? An kwashe injin wankewa ranar da aka sanar da mu cewa mun shiga zamanin zamani. A kwafa a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a ɗebi bayani? An toshe ramukan filas ɗin da gam, bisa umarnin wani kwamiti da aka kafa bayan wata cuta ta shiga kwamfutocin. Dole in yaba wa kwamitin nan. Tun da na fara rubutu ban ga kwamitin da ya cika aikinsa kamarsa ba: cuta ba ta ƙara shiga ba, komai ma bai ƙara shiga ba, bai kuma ƙara fita ba.

Tela ya zungure ni da gwiwar hannunsa mai lafiya. "Injiniya, ga ranarka."

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan kumbura. Na gyara hula, na nemi izini, na ce ina ɗan taɓa harkar. Matashiyar ta kalle ni, ta kalli Likita, ta matsa gefe ta ce, "Bismillah, Baba."

Na fara daga inda ake farawa, wato ƙasa. Na durƙusa bayan tebur na duba wayar da ke haɗa kwamfuta da bango, na zare ta na mayar har ta yi ƙas. 'Yar fitilar da ke bakin ramin tana ƙyaftawa, alamar wayar tana da rai. Na zagaya ɗakin Likita na yi haka, ita ma lafiya lau. Na ce ko sunayensu ne suka yi karo, domin in kwamfutoci biyu suka amsa suna ɗaya rigima ake yi. Sunaye daban-daban. Na ce ko maigadin da ke cikin kwamfuta ne, wanda ke tare baƙi, ya tsananta. Na je in leƙa shi, aka ce in kawo kalmar sirri.

"Wa ke da ita?"

"Ɗan kwangilar da ya haɗa."

"A kira shi mana."

"Lambarsa ta daina shiga tun ranar da aka yi masa tafi," in ji ta.

Sai na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, wadda ba ta neman izinin kowa, na aika sallama daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Shiru. Na sake. Shiru. Na tambayi kowacce adireshinta. Ga wanda bai sani ba, kowace kwamfuta a kan layi tana da adireshi na lambobi kashi huɗu: ukun farko su ne unguwa, na ƙarshe shi ne lambar gida. 'Yan unguwa ɗaya suna jin sallamar juna. Na kwatanta su, daɗi ya kama ni. Kashi na uku ya bambanta. Bango ɗaya ne a tsakaninsu, amma kowacce ta ɗauka a wata unguwa take zaune.

Na miƙe, na karkaɗe gwiwa, na yi gyaran murya yadda na benci za su ji. "Na gano matsalar. Adireshinsu ne ba na unguwa ɗaya ba."

"Haka ne, Baba," ta ce, cikin ladabin da ya fi mari ciwo. "Rauta biyu ne suke raba adireshi a kan waya ɗaya. Tun makon da aka kawo na biyun na faɗa."

"To me ya sa kika bar ni ina rarrafe a ƙarƙashin tebur?"

"Na ga kana jin daɗi ne."

Tela ya yi dariya har ya manta ya girgiza hannun, ya koma yana salati.

Ga yadda abin yake. Kwamfuta in ta farka da safe ba ta san inda take ba, sai ta yi kira a cikin waya: wa zai ba ni adireshi? Ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ake kira rauta shi ne ke amsawa. A gidan da ake zaman lafiya akwati ɗaya ne ke amsa wa kowa. A asibitinmu biyu ne, kowanne da unguwarsa, kuma wanda ya riga buɗe baki shi ke tafiya da kwamfutar. Ranar da ta Likita da ta ɗakin hoto suka faɗa hannun akwati ɗaya, aiki ya tafi. Ranar da suka rabu, sai haƙuri. Ma'aikatan har sun mai da abin aikin safe: a kunna, a duba, a kashe, a sake kunnawa, ana jiran dace. Wata ma'aikaciyar jinya ta rantse mini cewa in aka fara kunna fanka kafin kwamfuta an fi samun nasara. A ranar kuwa an kashe ta Likita an kunna har an gaji, kullum sabon akwati ke cafke ta, ta ɗakin hoto kuma ta maƙale wa tsohon.

Me ya kawo akwati biyu? Yauwa, mun zo wurin manya, sai kowa ya gyara zama.

Akwatin farko kyautar Mai Girma Almakashi ce, Allah ya ƙara wa hannunsa albarka. Na ba shi wannan suna ne domin a zamaninsa babu abin da ya tsira daga yanka ƙyalle: famfo, kwalbati, ƙofar makewayi. Tela ya ce mutumin ya fi shi riƙe almakashi, ga shi bai taɓa ɗinka komai ba. Ya zo da motoci, aka kafa rumfa, ya danna maɓalli, aka yi tafi. Da kujera ta juya sai ga Mai Girma Lasifika, wanda ba ya iya cewa sannu sai an miƙo masa makirfo. Aka kai masa labari cewa marasa lafiya suna warkewa a kan layin abokin hamayyarsa. Ransa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsa, wa zai yarda da wannan? Aka sayo sabon akwati, aka kafa rumfar da ta fi ta farko, ɗan kwangila ya soka wayarsa a cikin wayoyin da ya tarar, aka yi tafi. Tsohon akwati kuwa ba wanda ya cire shi, domin manyanmu ba tafiya suke yi ba, zagayawa suke yi, kuma ba wanda yake so Almakashi ya dawo ya tambayi inda kyautarsa take.

Maganin bai fi ƙarfin mai hannu ɗaya ba. A zare wayar da ta haɗa sabon akwati da sauran, a kashe kwamfutar Likita a kunna, tsohon akwati ya ba ta adireshi, ta koma unguwar 'yar'uwarta. Sai dai akwatunan biyu suna ofishin Sakataren asibiti, cikin kabad na gilashi, a kulle.

Likita ya dubi agogo. Muka raba aiki: ni da matashiyar mu je wurin Sakatare, Tela ya zauna ya riƙe Likita da hira kada ya tafi. Muna fita na ji ya fara: "Likita, don Allah wa ya ɗinka maka rigar nan? Ba zagi ba, amma kafaɗar hagu ta fi ta dama."

Sakatare dattijo ne mai furfura a gefen kunne, tebur a share, alƙaluma a jere. A bayansa ga kabad ɗin, akwatuna biyu kafaɗa da kafaɗa, kowanne da hoton mai kyautarsa a sama yana murmushi, fitilu kore suna ta ƙyafta ido. Muka gaisa, na yi bayani dalla-dalla. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da ba kasafai ake samu a ofis ba.

"Malam, akwai wanda ya lalace a cikinsu?"

"Babu, ranka ya daɗe. Duka biyun lafiyarsu ƙalau. Lafiyar tasu ce ma matsalar."

"To ka gani. Ni abin da ya lalace nake da ikon taɓawa."

"Ba kashe shi za a yi ba, Yallaɓai. Waya ɗaya ce a bayansa. Fitilarsa za ta ci gaba da ci."

"Ta wanne?"

Matashiyar ta nuna. Ya bi yatsanta da kallo har kan hoton Mai Girma Lasifika, sai ya rufe ido kamar wanda aka yi wa allura.

"Na mai ci yanzu. Ba ku ma ce na wancan ba." Ya tashi ya ɗaga labulen taga. "Zo ka gani."

A waje, jikin katangar asibiti, benci biyu ne, kowanne cike da magidanta, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Kowane akwati yana watsa layinsa a iska da taken mai shi, kyauta. Magoya bayan Almakashi suna zama a benci ɗaya suna shan nasu, na Lasifika a ɗayan. Ba sa gaisawa, kuma ko layin wancan ya fi ƙarfi ba mai hawansa. Tagar Sakatare tana kallonsu, su ma suna kallon ta.

"In na sa makulli a gilashin nan," in ji shi, "kafin in zare shi labari ya isa inda zai isa. In na saki labule, su ce me nake ɓoyewa. Wanda na gada a kujerar nan hoton can ya sauke don a yi fenti. Fenti kawai. Yanzu yana wani sito a bayan gari yana gadin katifu. Ni saura kaɗan in yi ritaya, ina da 'ya'ya a makaranta. Ba zan taɓa ba, Malam. Ka yi haƙuri. Ba zan taɓa ba."

"Hannun mutum ne fa, Yallaɓai."

"Na sani. Kana tsammani ban sani ba?"

A nan ne na so a ce mugu ne. Da mugu ne da rubutun nan ya yi mini sauƙi, in zage shi da ladabi, ku yi dariya, kowa ya koma layinsa. Amma mutum ne mai tsoro, kuma tsoron nasa ba na banza ba ne.

Sakatare ya dawo gaban tebur. Sai ya laluba aljihu, ya fito da wani ɗan makulli, ya ajiye shi a tsakiyar tebur, ya gyara shi ya daidaita da alƙaluma.

"Zan je in duba janareta," ya ce, yana kallon rufi. "Nakan daɗe a can."

Ya fita, ya jawo ƙofa a hankali.

Muka rage mu biyu da makulli. Matashiyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ni ma'aikaciyar wucin gadi ce. Ko takardar sallama ba sai an rubuta mini ba. Kai kuwa ba a nan kake aiki ba."

Gaskiya ta faɗa. Kuma ni ne mutumin da ke cika muku shafi da cewa abin da ya kashe mu shi ne rashin mai tsayawa. Na miƙa hannu. Sai na tuna 'yata ta fari, wadda ta samu aikin koyarwa bara bayan dogon zama, kuma wani na kusa da Mai Girma Lasifika ne ya sa baki. Na dubi taga. A benci na biyu akwai mai jar hula da ya san ni, ya san gidana, ya san 'yar wace ce. Hannuna ya tsaya a iska tsakanin aljihuna da tebur. Na ce wa kaina ai ba hurumina ba ne, kayan hukuma ne. Na ce wa kaina in na taɓa wani abu ya lalace fa? Dalilai suka yi ta zuwa, kowanne da rigarsa mai kyau. Ban taɓa sanin ina da hikima haka ba sai da na buƙaci hujjar ƙin yin abu.

Muna nan tsaye Sakatare ya dawo. Ya dubi makulli a inda ya bar shi, ya dubi kabad, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Mutanen yanzu ba su da himma," ya ce, ya mayar da makullin aljihu, ya zauna.

Sai aka ƙwanƙwasa. Tela ne, ya rungume hannunsa a ƙirji.

"Injiniya, hirar ta ƙare. Na gama da rigar, na gama da wandon, har hular na taɓa. Yana haɗa jaka." Ya juya ga Sakatare ya ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, sannu da aiki. Ba ƙara na kawo ba, na ji an ce abin ya fi ƙarfinka, Allah ya sa mu dace wani watan."

Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Injiniya, kai da ka san abubuwa. Ana sayar da almakashin 'yan hagu kuwa? Jiya na gwada nawa da hagu, ashe ba ya yanka, tauna yadi kawai yake yi. Shekara da shekaru ina riƙe da shi ban sani ba. In akwai, gara in fara koyo tun yanzu."

Ba roƙo yake yi ba, tambaya yake yi tsakani da Allah, irin ta mai sana'a da ya fara lissafin gobe. Matashiyar ta juya fuska ga bango. Sakatare ya zuba wa hannun ido, kumburarren wuyan nan da ya yi sheƙi, da yatsun da suka ƙi lanƙwasa. Daga waje muka ji direban Likita ya tada mota.

Sakatare ya miƙe zumbur har kujerarsa ta bugi bango. Ya je taga ya buɗe ta gaba ɗaya, ya ɗaga murya yadda benci biyun za su ji.

"Tsaka! Kun ga tsaka a cikin kayan Mai Girma? Subhanallahi! Wa ya bar tsaka ta shiga bayan akwatin Mai Girma?"

Na duba kabad. Ni dai ban ga komai ba.

"Ga ta can, Yallaɓai!" in ji matashiyar, wadda ta fi ni saurin fahimta a karo na biyu a rana ɗaya. "Ta shige ta bayan waya!"

Ya sa makulli ya buɗe gilashin. Ya zaro hankici, ya cusa hannu a bayan sabon akwati yana ta faɗa da tsaka, yana kiran ta mara kunya, mara tarbiyya. Na ji ƙas. Matashiyar ta riga ta fita da gudu don ta kashe kwamfutar Likita ta kunna. 'Yan benci suka miƙe suna leƙe, mai jar hula yana ba da shawara daga waje: "A hankali, Yallaɓai, kada ta yi kashi a kan hoton!"

Tela ya bi matashiyar. Ni na tsaya a bakin ƙofa, ido ɗaya a ofis, ɗaya a baranda. Motar tana ta ƙugi a waje. Can sai muryar Likita ta fito daga ɗakinsa, karo na farko da na ji ya ɗaga ta: "Ya zo! Bai goce ba, tsagewa ce. A kawo filasta. Ku ce wa direba ya kashe mota."

Na juyo. Sakatare yana nan a sunkuye, rabin jikinsa a cikin kabad, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, wayar a dunƙule cikin hankici a tafinsa. Bai juyo ba ya ce mini a hankali, "Malam, akwai sauran masu hoto a benci?"

"Akwai, ranka ya daɗe. Da dama."

Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara tsayuwa, ya sake ɗaga murya wajen taga: "Ta ƙi fita! Wannan tsaka da taurin kai take!"

Har muka bar asibitin, Tela da farin hannu kamar sabon bango, ana can ana farautar ta. Ni dai abin da nake roƙon masu girma shi ne, in an tashi raba lambar yabo ta bana, a tuna da tsakar nan. A iya sanina ita kaɗai ce ta yi wa talaka aiki a ofishin hukuma ba tare da an kafa rumfa ba.